Amincewar farko ta lamunin sayen gida

Amincewar farko ta lamunin sayen gida mataki ne da mai neman gida yake bi kafin ya taya gidan da yake son saya. A wannan mataki banki, ko wani kamfanin bayar da lamuni, yakan duba kuɗin shigar mutum da basussukan da ke kansa da tarihin biyan bashinsa, sannan ya ba shi takarda mai nuna iyakar kuɗin da zai iya ranta masa. Takardar ba alkawarin bayar da bashi ba ce. Shaida ce cewa bankin ya binciki halin mutumin, kuma a shirye yake ya ba shi rance idan gidan da ya zaɓa ya cika sharuɗɗa, kuma halinsa na kuɗi bai canza ba kafin ranar biya.

An fi sanin wannan tsari a ƙasashen Amurka da Kanada da Birtaniya, inda mafi yawan masu sayen gida suke saye da bashin banki na shekara 25 zuwa 30, gidan kuma yana zama a jingine har a gama biya. A waɗannan ƙasashe dillalan gidaje da masu sayarwa sukan nemi ganin takardar kafin su ɗauki tayin mutum da muhimmanci. Wannan muƙala ta fi mayar da hankali a kan yadda ake yi a Amurka, sannan ta taɓo wasu ƙasashe.

## Dalilin yin sa kafin tayi

Tayin gida a Amurka ba magana ce ta fatar baki ba. A rubuce ake yin sa, kuma da zarar mai gida ya sallama, ɓangarorin biyu suka sa hannu, ya zama yarjejeniya da doka ta san da ita. Mai saye yakan ajiye kuɗin kafin alƙalami, galibi kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na farashin gidan, a hannun wani amintacce na tsakani. Idan ya fasa ba tare da wani dalili da yarjejeniyar ta yarda da shi ba, yana iya rasa wannan kuɗi. Saboda haka wanda ya taya gida bai san ko banki zai ba shi rance ba, ya sa ajiyarsa cikin haɗari.

Akwai dalilai uku da aka fi ambata:

- Mai saye yana sanin iyakar ƙarfinsa tun kafin ya fara zagayen duba gidaje, don kada ya ɓata lokaci a kan gidan da ba zai iya biya ba.
- Mai gida yana samun kwanciyar hankali cewa cinikin ba zai watse a tsakiya ba. Idan mutum biyu suka taya gida a farashi ɗaya, wanda ke riƙe da takardar banki shi ake fifitawa.
- Idan akwai kuskure a bayanan bashin mutum, ko wata takarda da ta ɓace, ana gano ta da wuri, lokacin da akwai sararin gyarawa.

## Tarihi

Kafin shekarun 1930, lamunin gida a Amurka na ɗan gajeren lokaci ne. Mai saye yakan biya kusan rabin kuɗin gidan daga aljihunsa, sauran kuma ya biya cikin 'yan shekaru, tare da babban biya guda a ƙarshe. Bayan karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929, mutane da yawa suka kasa wannan biya na ƙarshe, suka rasa gidajensu. A shekarar 1934 gwamnati ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wato FHA, wadda ta riƙa tsaya wa bashin dogon zango da ake biya kaɗan-kaɗan a kowane wata. An kafa Fannie Mae a 1938, sannan Freddie Mac a 1970, domin su riƙa sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna. Tun da waɗannan cibiyoyi ba sa sayen bashi sai wanda ya cika ƙa'idojinsu, bankuna suka koma auna masu nema da mudu ɗaya.

Makin FICO, wanda ke auna yadda mutum yake biyan bashi, ya fito a 1989. A 1995 Fannie Mae da Freddie Mac suka fara amfani da manhajojin kwamfuta wajen tantance masu neman lamuni, abin da ya rage kwanakin jira ƙwarai, ya kuma sauƙaƙa wa banki ya ba da amsa tun kafin a sami gidan da za a saya.

A shekarun da suka gabaci rikicin kuɗi na 2007 zuwa 2008, an riƙa ba mutane lamuni bisa abin da suka faɗa da bakinsu game da albashinsu, ba tare da an nemi shaida ba. Da farashin gidaje ya faɗi, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta kafa hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, wato CFPB, kuma daga watan Janairun 2014 ya zama tilas ga mai bayar da lamuni ya tabbatar, da takardu, cewa mai karɓa zai iya biya. Wannan ne ya sa binciken da ake yi a yau ya fi na da tsanani.

## Ƙiyasi da amincewa

Ana yawan rikita matakai biyu, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ƙiyasin farko. Mai nema yana faɗa wa banki albashinsa da bashinsa, ta waya ko ta intanet, bankin kuma ya ba shi adadi a ƙiyasce. Galibi ba a neman takardar shaida, don haka masu sayar da gida ba sa ba shi daraja sosai.

Na biyu shi ne amincewar farko. A nan mai nema yana miƙa takardu, bankin kuma yana janyo rahoton bashinsa daga kamfanonin da ke tattara irin waɗannan bayanai. Takardar da aka bayar takan yi aiki na kwana 60 zuwa 90. Idan wa'adin ya ƙare ba a sami gida ba, sai a sabunta ta da sababbin takardu.

Bankuna ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Wani banki yakan kira ƙiyasinsa amincewa. Abin da ke bambanta su shi ne ko an duba takardu da rahoton bashi, ko ba a duba ba.

## Abubuwan da banki yake dubawa

### Tarihin biyan bashi

Manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da bayanan bashin jama'a a Amurka: Equifax da Experian da TransUnion. Daga bayanansu ake fitar da makin FICO, wanda yake farawa daga 300 zuwa 850. Abin da ya fi nauyi a lissafin makin shi ne biya a kan lokaci, sai kuma yawan bashin da ke kan mutum idan aka kwatanta da iyakar da aka ba shi. Mai maki mai yawa yana samun kuɗin ruwa mai sauƙi, mai ƙarancin maki kuma yana biyan mai tsada, ko a hana shi gaba ɗaya.

Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta daga kowane kamfani, tare da 'yancin ƙalubalantar kuskure. Tun da gyaran kuskure yana iya ɗaukar makonni, masu ba da shawara sukan ce a duba rahoton watanni kafin a je banki. Duk lokacin da banki ya janyo rahoton mutum don neman bashi, makinsa yakan ɗan ragu. Amma idan bankuna da yawa suka janyo shi don lamunin gida cikin ɗan lokaci, kwana 14 zuwa 45 gwargwadon tsarin lissafin da aka bi, ana ƙirga su a matsayin bincike ɗaya. Wannan ya ba mai nema damar kwatanta bankuna ba tare da ya cutu ba.

### Nauyin bashi a kan kuɗin shiga

Banki yana raba abin da mutum zai riƙa biya na bashi a wata da kuɗin shigarsa na wata kafin a cire haraji. Wata tsohuwar ƙa'ida da aka saba bi ita ce kada kuɗin gida ya wuce kashi 28 cikin 100, kada kuma jimlar basussuka ta wuce kashi 36. Bankuna da yawa suna yarda da fiye da haka ga wanda ke da maki mai kyau ko ajiya mai kauri.

Misali, mai samun dala 6,000 a wata, kashi 28 nasa dala 1,680 ne, kashi 36 kuma dala 2,160. Idan yana biyan dala 400 na bashin mota da dala 250 na bashin karatu, abin da ya rage masa na gida dala 1,510 ne, ba 1,680 ba. Kuma a cikin wannan adadi ne ake lissafa harajin gida da inshora, ba biyan bashin kaɗai ba. Shi ya sa biyan wani ƙaramin bashi kafin zuwa banki yake iya ɗaga iyakar rancen da za a ba mutum.

### Kason mai saye

Banki ba ya cika biyan kuɗin gida gaba ɗaya. Mai saye yana kawo wani kaso daga aljihunsa. A lamunin da FHA ta tsaya masa, mai maki 580 zuwa sama yana iya kawo kashi 3.5 cikin 100, mai maki 500 zuwa 579 kuma kashi 10. A lamunin da gwamnati ba ta tsaya masa ba, wanda ya kawo ƙasa da kashi 20 yakan biya wata inshora ta musamman, wadda bankin take karewa, ba shi ba.

Ban da wannan, akwai kuɗaɗen kammala ciniki, kamar na ƙiyasta darajar gida da binciken takardun mallaka da rajista, waɗanda sukan kai kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na rancen. Banki yana kuma bin diddigin inda kuɗin mai saye ya fito. Idan wani babban kuɗi ya shigo asusu ba zato, sai an yi bayaninsa. Idan iyaye ko dangi ne suka taimaka, ana neman wasiƙa daga gare su mai tabbatar da cewa kyauta ce, ba rance ba.

### Takardu

Takardun da aka fi nema sun haɗa da:

- katin shaida da lambar tsaron zamantakewa;
- takardun albashi na kwana 30 da suka wuce;
- takardun haraji na shekara biyu;
- bayanan asusun banki na wata biyu;
- ga mai sana'ar kansa, bayanin riba da faɗuwar kasuwancinsa.

Masu sana'ar kansu sun fi shan tambayoyi, domin kuɗinsu yana hawa yana sauka, kuma banki yana lissafi ne da ribar da suka bayyana wa hukumar haraji, ba da jimlar cinikinsu ba.

## Tasirin kuɗin ruwa

Iyakar rancen da aka rubuta a takarda ta dogara ne da kuɗin ruwan ranar da aka rubuta ta. Alƙaluman Freddie Mac sun nuna cewa matsakaicin ruwan lamuni na shekara 30 ya sauka zuwa kashi 2.65 a watan Janairun 2021, sannan ya hau zuwa kashi 7.79 a watan Oktoban 2023.

Bambancin yana da girma a aljihu. Rancen dala 300,000 na shekara 30 a kan ruwa kashi 3 yana cin kusan dala 1,265 a wata. Rancen nan a kan kashi 7 yana cin kusan dala 1,996. Wanda ƙarfinsa bai wuce dala 1,265 a wata ba, a kan kashi 7 abin da zai iya ranta kusan dala 190,000 ne kawai, ko da albashinsa bai ragu da ko sisi ba.

Amincewar farko a Amurka ba ta cika tsayar da kuɗin ruwa ba. Tsayar da shi yarjejeniya ce ta daban, galibi ta kwana 30 zuwa 60, kuma an fi yin ta bayan an sallama tayi.

## Bayan an sallama tayi

Da zarar an sami gida, bincike yana komawa kan gidan. Cikin kwana uku na aiki bayan mai nema ya miƙa cikakkiyar buƙata da adireshin gidan, doka ta wajabta wa banki ya ba shi takardar ƙiyasin lamuni mai nuna ruwa da biyan wata da sauran kuɗaɗe. Tun daga watan Oktoban 2015 fasalin takardar iri ɗaya ne a kowane banki, don a iya jera su a kwatanta. Takardar ƙarshe kuma dole ta iso hannunsa aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar sa hannu.

A tsakanin nan ne lamunin da aka amince da shi tun farko yake iya rushewa. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne:

- Ƙiyasin daraja ya gaza farashi. Banki yana lissafi da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin farashin ciniki da darajar da masani ya ƙiyasta. Idan an yi ciniki a kan dala 320,000, masani ya ce gidan 300,000 ne, bankin da zai ba da kashi 80 zai ba da 240,000 maimakon 256,000. Mai saye zai nemo 80,000 maimakon 64,000, ko ya roƙi a rage masa farashi.
- Sabon bashi. Sayen mota ko kayan ɗaki a bashi kafin kammala ciniki yana ƙara nauyin bashin mutum, kuma bankuna sukan sake duba rahoton dab da ranar biya.
- Canjin aiki. Banki yakan sake tuntuɓar wurin aiki kafin ya saki kuɗi.
- Matsalar takardun mallaka. Idan aka gano bashin haraji ko wata jingina a kan gidan, sai an warware kafin a ci gaba.

Domin kare kai daga irin wannan, masu saye sukan sa sharaɗi a yarjejeniya cewa idan lamuni bai samu ba cikin wa'adi, za su iya janyewa a mayar musu da kafin alƙalaminsu. A lokacin da gidaje suka yi ƙaranci, masu saye suka yi yawa, wasu sukan cire wannan sharaɗi don tayinsu ya fi jan hankali. Wanda ya yi haka kuma banki ya juya masa baya, ajiyarsa tana iya tafiya.

## A wasu ƙasashe

Birtaniya. Banki yana ba da takardar yarda ta farko, wadda takan yi aiki na kwana 30 zuwa 90. A Ingila da Wales tayi ba ya ɗaure kowa sai ranar da aka yi musayar takardun yarjejeniya, don haka mai gida yana iya karɓar tayin da ya fi tsoka daga wani mutum ko bayan ya sallama. Mai takardar banki a hannu yana saurin kaiwa ga musayar, abin da ke rage masa wannan haɗari. A Scotland yarjejeniya tana ɗaurewa tun da wuri ta hanyar wasiƙun lauyoyi. Tun 2014 hukumomi suka tsananta binciken iya biya, Bankin Ingila kuma ya taƙaita yawan lamunin da ya kai ninki huɗu da rabi na kuɗin shigar mutum na shekara.

Kanada. Amincewar farko takan zo da tsayar da kuɗin ruwa, har zuwa kwana 120. Ana kuma gwada mai nema da ruwan da ya fi wanda zai biya: ko kashi 5.25, ko ruwan yarjejeniyarsa da ƙarin kashi 2, duk wanda ya fi yawa.

Faransa. Tun 1979 doka ta kare mai saye da bashi: idan banki ya hana shi lamuni, yarjejeniyar sayen ta warware, a mayar masa da kuɗinsa. Daga 2022 ya zama ƙa'ida cewa nauyin bashi kada ya wuce kashi 35 cikin 100 na kuɗin shiga, wa'adin biya kuma kada ya wuce shekara 25, sai a wasu 'yan lokuta.

Najeriya. Mafi yawan mutane suna gina gida ne sannu a hankali, ko su saya da tsabar kuɗi, domin ruwan bankunan kasuwanci yana da tsada. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, kuma bayan aƙalla wata shida yana iya neman lamuni a kan ruwa kashi 6, na tsawon da zai iya kai shekara 30, ta hannun wani bankin lamunin gidaje. A nan shiri ya fi karkata ga takardun gidan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati sai da yardar gwamna. Gidan da ba shi da komai sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu, da wuya banki ya karɓe shi jingina.

## Tsarin da babu ruwa

Musulmi da yawa ba sa karɓar lamuni mai ruwa saboda haramcin riba. Cibiyoyi kamar Guidance Residential a Amurka da Al Rayan Bank a Birtaniya da Jaiz Bank a Najeriya suna aiki da wasu hanyoyi. A murabaha, banki yana sayen gidan ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko. A ijara, yana ba shi haya har mallaka ta koma hannunsa. A musharaka mai raguwa, su biyun suna tarayya a gidan, mutum yana sayen kason bankin kaɗan-kaɗan yana biyan hayar abin da ya rage. A dukkan hanyoyin ana duba kuɗin shiga da tarihin bashi kamar yadda sauran bankuna suke yi. Neman amincewa kafin tayi ya ma fi muhimmanci a nan, tun da bankin da kansa yana cikin masu sayen gidan.

## Suka

Ana sukar tsarin ta fuskoki da dama. Adadin da ke kan takarda iyakar abin da banki zai iya bayarwa ne, ba abin da iyali za su iya biya cikin walwala ba, domin lissafin ba ya duba kuɗin abinci da renon yara da gyaran gida da taimakon dangi. Wanda ya ranci iyakar adadin yana iya samun gida ya rasa na cefane.

Haka kuma, takardar tana iya fallasa wa mai gida ƙarfin mai saye, ta raunana shi a ciniki. Saboda haka wasu sukan nemi banki ya rubuta musu takarda daidai da kuɗin da suka taya, ba iyakar da aka amince musu ba.

Dogaro da maki yana kuma barin wasu a baya. Wani rahoton CFPB na 2015 ya nuna cewa miliyoyin manya a Amurka ba su da tarihin bashi ko kaɗan a manyan kamfanonin uku. Sababbin baƙi da masu guje wa bashi suna cikin irin waɗannan, ko da ba su taɓa saɓa biyan haya ba. Dokar daidaito a bayar da bashi ta 1974, da gyaran da aka yi mata a 1976, ta hana nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, kuma wanda aka hana lamuni yana da haƙƙin a faɗa masa dalili.

## Duba kuma

- Jingina
- Riba
- Bankin Musulunci
- Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978
- Rikicin kuɗi na 2007 zuwa 2008